Darasi: Lafiyar ɗan lakwal, kayan wa ne?

Yaro ya tashi da safe, ya sha koko, ya tafi lakwal. Daga safe zuwa marece yana hannun mushe. Amma mushe ba likita ba ne. Likita yana can gidan likita, ba ya koyar da karatu. Mai gina rijiya daban, mai kawo abincin kantin daban. To, in ciwo ya kama yaron, ko lakwal ta rasa ruwan sha, ƙofar wa za a buga?

Lafiyar ɗan lakwal ba kayan ma'aikata ɗaya ba ne. Ma'aikatu da yawa ke ɗauke da ita, kowace da kasonta na aiki da kasonta na kuɗi. Garin da ya san kason kowa ya san inda zai kai kukansa. Garin da bai sani ba, sai ya yi ta jira. Wannan darasi zai bayyana rabon, ta misalin ciwo ɗaya da kowa ya sani: tsargiya.

1. Mene ne tsargiya?

Tsargiya ita ce fitsarin jini. Wata ƴar tsutsa ke kawo ta, wadda ido ba ya gani lokacin da take shiga jiki. Ga yadda take yawo.

Mai tsargiya ya yi fitsari cikin tabki, ko gulbi, ko hanyar ruwa ta noman rani. Cikin fitsarin akwai ƙwai. Ƙwan ya fashe cikin ruwa, abin da ya fito ya shiga jikin ƙananan katantanwa. Bayan ƴan makonni ƴan tsutsa su fito daga katantanwa, su yi ta iyo. Yaro ya shiga wanka, ko kamun kifi, ko shayar da bisashe, sai su huda fatarsa su shiga. Ba sai ya sha ruwan ba. Cikin jiki su girma, su zauna jijiyoyin jini na kusa da mafitsara, su yi ta zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke raunata mafitsara, jini ya fito.

Wasu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne. Yana rage ma yaro jini, ya sa shi kasala, ya hana shi riƙe karatu. In ya daɗe ba magani, yana iya lalata mafitsara da ƙoda. Ƴan mata ma suna kamuwa, kuma yana iya taɓa mahaifa. Yara masu shekarun shiga lakwal su suka fi kamuwa, don su suka fi wasa cikin ruwa.

2. Yadda aka haɗa hannu

Da can mai tsargiya shi ke zuwa gidan likita da ƙafarsa, in yana da hali. Da yawa ba su zuwa. Sai aka yi tunani: tun da yara suna taruwa lakwal kullum, me zai hana a kai magani can?

A watan Afrilu na shekarar 2000 aka yi babban taron duniya kan ilimi a Dakar, ƙasar Senegal. Can UNESCO, da UNICEF, da hukumar lafiya ta duniya OMS, da Bankin Duniya suka fito da tsari ɗaya na lafiyar ƴan lakwal. Tsarin yana da ƙafa 4: dokoki na kare lafiyar yaro cikin lakwal, ruwa mai tsabta da salga, koyar da tsabta cikin aji, da kai magani da abinci mai gina jiki cikin lakwal. Duk wanda ya dubi ƙafafun nan ya san ma'aikata ɗaya ba ta iya ɗaukarsu.

A 2001 ƙasashen da ke cikin OMS suka ɗauki alkawarin ba da maganin tsargiya da na tsutsar ciki ga yara 75 cikin 100 na waɗanda ciwon ke iya kamawa.

A 2004 Nijar ta fara babban shirinta na yaƙi da tsargiya da tsutsar ciki. Wata ƙungiya ta Ingila mai suna SCI ta taimaka, da kuɗin gidauniyar Bill Gates. An horar da malaman lakwal don su riƙa ba yara magani da hannunsu. A 2007 aka haɗa shirin da na wasu cututuka, kamar tundurmi da ciwon ido mai kawo makanta, da taimakon hukumar USAID ta Amurka.

3. Kowa da kasonsa

*Ma'aikatar lafiya.* Ita ke binciken wuraren da ciwon ya yi yawa. Ita ke karɓar magani a Yamai, ta aika da shi jihohi, daga jiha zuwa gunduma, daga gunduma zuwa gidan likita na yanki, wanda ake kira CSI. Majon CSI shi ke horar da masu rabon magani, shi ke duba yaron da magani ya wahalar.

*Ma'aikatar ilimi.* Ita ke da yara da malamai. Daraktan lakwal ya ƙidaya yaransa, ya aika lissafin ga biron sufeto. Da lissafin nan ake sanin yawan maganin da za a kawo. Malamai su auna yara, su ba su magani, su rubuta. Su ne kuma ke koyar da wanke hannu da amfani da salga.

*Ma'aikatar ruwa.* Ita ke da masu sanin ginin rijiya da foraj da salga. Ita ke duba ko ruwan yana da kyau.

*Komin.* A 2004 aka yi zaɓen farko na majalisun komin cikin duk ƙasa. A watan Janairu na 2016 gwamnati ta fitar da dokar da ta miƙa ma komin wasu ayyuka na ilimi, da lafiya, da ruwa, da kare muhalli. Gina aji da gyaransa, da kula da wuraren ɗibar ruwa na karkara, suna cikin abin da ya shafi komin. A 2024 an rushe majalisun komin, aka naɗa masu riƙo, amma komin kanta tana nan da kasafin kuɗinta.

*Kantin.* A wasu lakwal, musamman na makiyaya da na yankunan da abinci ke ƙaranci, ana dafa ma yara abinci. Gwamnati da hukumar abinci ta duniya PAM sun daɗe suna wannan aiki tare. A Yamai aka fara bikin ranar abincin lakwal ta Afirka, ran 1 ga Maris 2016.

*Gari.* Maigari, da liman, da iyaye, da kwamitin lakwal. Da can ana ce ma kwamitin COGES, daga baya aka koma CGDES. A jihar Tawa aka fara ƙarfafa shi a 2004, da taimakon ƙasar Japan: jama'a su zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar ɓoye, su tsara aikin shekara a babban taro. Daga nan abin ya bazu duk ƙasa. Kwamitin nan shi ne bakin gari gaban ma'aikatu.

4. Ranar shan magani

Maganin tsargiya sunansa farazikantel. Ana ba da shi gwargwadon girman jiki. Tun da ba kowace lakwal ke da ma'aunin nauyi ba, sai aka yi sandar awo mai alamomi. Yaro ya cire takalmi, ya tsaya jikin sanda, mushe ya duba inda kansa ya kai:

- santimita 94 zuwa 109: ƙwaya 1
- santimita 110 zuwa 124: ƙwaya 1 da rabi
- santimita 125 zuwa 137: ƙwaya 2
- santimita 138 zuwa 149: ƙwaya 2 da rabi
- santimita 150 zuwa 159: ƙwaya 3
- santimita 160 zuwa 177: ƙwaya 4
- santimita 178 zuwa sama: ƙwaya 5

Maganin tsutsar ciki sunansa albendazol. Shi ƙwaya 1 ce ga kowane ɗan lakwal.

Abu uku ne ba a wasa da su. Na ɗaya, yaro ya ci abinci kafin ya sha. Farazikantel yana da ɗaci, kuma cikin da ba komai ya fi jin wahalarsa. Na biyu, ya haɗiye gaban mai rabo, da ruwa mai tsabta. Ba a ba shi ya tafi da shi gida. Na uku, yaron da ke kwance da ciwo mai tsanani ba a ba shi ranar nan, sai majo ya gan shi.

Wani yaro zai ji ciwon ciki, ko jiri, ko tashin zuciya. Mafi yawa abin yana wucewa cikin ƴan awowi. A kwantar da shi inuwa. In ya ƙi wucewa, a kai shi CSI.

Yaron da ba ya lakwal shi ma yana da haƙƙi. Almajirin makarantar allo, da yaro mai kiwo, da yarinyar da ke gida, duk ruwa ɗaya suke shiga. Akwai masu rabo na cikin gari da aka horar domin su.

5. Wa ke biya?

Kuɗin aikin nan ba daga aljihu ɗaya suke fitowa ba.

Ƙwayar magani kyauta ce daga masu yin ta. Tun 2007 kamfanin Merck na Jamus ke ba da farazikantel ta hannun OMS don ƙasashen da ke fama da tsargiya. Kamfanin GSK na Ingila ya ba da albendazol ta hanya ɗaya.

Albashin majo da na mushe, gwamnati ke biya. Kuɗin man mota, da na horar da masu rabo, da na rajista da shela a rediyo, shekaru da yawa ƙungiyoyin waje ne suka ɗauki babban kaso. Rijiya da salga suna fitowa daga kasafin gwamnati, ko na komin, ko daga wani furoje. Komin kuwa tana samun nata daga lanho, da kuɗin kasuwa, da abin da gwamnati ta turo mata. Sabuni, da tulu, da tsintsiya, da koko na ranar magani, sau da yawa gari ne ke kawowa.

A nan akwai abu biyu da ake rikitawa. A 2006 gwamnati ta sa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ɗan lakwal ya wuce shekarun nan. Saboda haka in zazzaɓi ya kama shi aka kai shi CSI, iyaye ke biya. Amma maganin da ake rabawa ranar kamfe, na tsargiya da tsutsar ciki, ba a biyan ko dala. Duk wanda aka nemi kuɗi gare shi ranar nan, ya gaya ma kwamitin lakwal.

Akwai kuma abin lura. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID, wadda ta taimaki irin wannan aiki cikin ƙasashe da yawa. Mai taimako na waje yana iya tafiya. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa kason gwamnati, da na komin, da na gari suka fi kowane kaso muhimmanci, don su ne ba su tafiya.

6. Misalin garuruwa biyu

A ɗauki misalin garuruwa biyu da ke shan tabki ɗaya.

A gari na farko darakta ya aika lissafin bara, bai ƙara sababbin yara ba. Takardar da ta faɗi ranar rabo ta tsaya hanya. Maigari bai ji ba, iyaye ba su ji ba. Yara suka zo da safe ba su karya ba. Aka ba su magani, wasu suka yi amai. Maganin kuma bai kai ga kowa ba. Kafin la'asar magana ta cika gari: wai maganin lakwal yana kashe yara. Da shekara ta zagayo, ranar rabo iyaye suka tsare ɗiyansu gida. Maganin ba shi da laifi. Mota ta zo, majo ya zo, amma kaso biyu sun faɗi: lissafi da shela.

A gari na biyu shugaban kwamitin lakwal ya je wurin majo tun mako biyu kafin ranar. Ya dawo ya sami darakta, suka sake ƙidaya yara, har da almajiran malamai biyu na gari. Maigari ya sa sanƙira ya yi shela. Liman ya faɗa masallaci. Mata suka tara hatsi, suka dama kunu tun asuba.

Ranar rabo wani dattijo ya zo riƙe da hannun jikansa. Ya ce: «Mushe, ni ma na yi fitsarin jini ina yaro, ga ni da raina. Me ya sa za a ba shi abin da zai sa shi jiri?»

Mushe ya ce: «Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Jirin na yini ɗaya ne, tsutsar kuwa shekaru take yi tana shan jininsa. Ya ci abinci?»

«Ya sha kunu.»

«To, ka zauna nan inuwa, Baba, ka gani da idonka. In ya ji wani abu, ga majo nan.»

Dattijo ya zauna. Yaro ya sha ƙwaya 2. Da azahar suka koma gida tare.

Magani ɗaya ne, tabki ɗaya ne. Bambancin shi ne, a gari na biyu akwai wanda ya bi kowa ya tuna masa da kasonsa.

7. Magani kaɗai bai isa ba

Farazikantel yana kashe tsutsar da ke cikin jiki. Ba ya hana sabuwa shiga. Yaron da ya sha yau, in ya koma tabki gobe, yana iya sake kamuwa. Shi ya sa ake maimaita rabon. Shi ya sa kuma kason ma'aikatar ruwa da na komin ke da nauyi. In akwai foraj, wanka da wanki a tabki za su ragu. In akwai salga, fitsari da kashi ba za su kai ga ruwa ba, ƙwai ba zai sami katantanwa ba.

Salgar lakwal tana son ɓangare biyu, na maza daban, na mata daban. Yarinyar da ta fara girma ba ta son zama inda ba ta da wurin kewayawa. Gina salga kason hukuma ne. Share ta, da sa ruwa da sabuni ko toka bakin ƙofa, kason lakwal da gari ne.

Kasafin komin yana bin shekara, daga Janairu zuwa Disamba, kuma ana shirya shi kafin shekarar ta kama. Lakwal kuwa tana buɗewa a Oktoba. Kwamitin da ke son salga ko rijiya ya rubuta buƙatarsa tun taron farko na buɗe lakwal, ya kai biron komin, ya riƙe kwafi. Kuɗin komin ba su da yawa, masu nema kuwa da yawa. Buƙatar da ke rubuce ta fi wadda aka faɗa da baki.

8. Lokacin annoba

Haɗin hannun nan ba ga tsargiya kaɗai ya tsaya ba. A 2010 aka fara sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a Nijar, da Mali, da Burkina Faso, ga masu shekara 1 zuwa 29. Ƴan lakwal duk suna ciki. A watan Afrilu na 2015, da wani irin sanƙarau na daban ya ɓarke, gwamnati ta rufe lakwal na Yamai ƴan kwanaki, aka shiga yi ma yara allura. Likita ba ya rufe lakwal shi kaɗai, mushe ba ya yin allura. Sai da ma'aikatun biyu suka zauna tare. A ƙauye ma haka ne: darakta ya ga yara da yawa sun kwanta da ciwo iri ɗaya, ya sanar da majo ranar nan, kada ya jira ƙarshen wata.

9. Ƙofar da za a buga

- Yaro yana fitsarin jini: a kai shi CSI, kada a jira ranar rabo.
- Ba a san ranar rabon magani ba: a tambayi darakta da majo.
- Magani bai kai ga dukan yara ba: darakta ya sanar da majo da sufeto a rubuce.
- Lakwal ba ruwa, ba salga: kwamiti ya kai takarda komin.
- Fonfo ya lalace: kwamitin ruwa na gari da komin.
- Abincin kantin ya yanke: darakta da kwamiti su kai magana biron sufeto.
- Ba sabuni, ba tulu: wannan na gari ne, a kawo shi babban taro.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma jinka ba ta hawa ɗaki sai wani ya kira gayya. A sha'anin lafiyar ɗan lakwal, mai kiran gayya shi ne kwamitin gari. Wanda ya iya karatu da rubutu yana da babban amfani cikinsa: ya karanta takardar majo, ya duba lissafin yara, ya rubuta ma komin.

Lissafi

1. Wata lakwal tana da yara 120. Yara 40 za su sha ƙwaya 2 kowane. Yara 50 za su sha ƙwaya 2 da rabi. Yara 30 za su sha ƙwaya 3. Ƙwaya nawa ake bukata duka?
2. In tiya 1 ta hatsi tana isar kunun yara 15, tiya nawa za a tara don yaran nan 120?
3. Gidaje 60 sun ba da dala 20 kowane don sayen sabuni. Dala nawa aka tara? Jika nawa ke nan? Jika 1 dala 200 ce.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ta yaya tsargiya ke shiga jikin yaro?
2. Me ya sa ake ba yaro abinci kafin ya sha magani?
3. Wane magani ne kyauta, wane ne iyaye ke biya?
4. A gari na farko, waɗanne kaso ne suka faɗi? Wa ya kamata ya tashe su?
5. Su wane ne ƴan kwamitin lakwal na wannan gari? Yaushe suka yi taronsu na ƙarshe?
6. Kowane mai karatu ya gwada rubuta gajeriyar takarda zuwa komin, ta neman salga ga lakwal. Ya sa sunan gari, da yawan yara maza da mata, da kwanan wata.